Dutsen da Ya Faɗo daga Uranos

Huɗu ga watan tsinkar zaitun, da almuru

Mikkos ya mutu. Ɗan Yaya Bitto, yayar maigidana Similos. Bai kai shekara shida ba.

Tun safe muna gona, ni da Similos da ita Yaya Bitto, muna kaɗa rassan zaitun da gora. Rana ta ɗan karkata sai muka ji wata ƙara kamar an yage ƙaton zane a bisa kanmu. Na ɗaga kai na ga wuta tana jan jelar hayaƙi, alhali babu ko ɗigon gajimare. Ƙasa ta girgiza, awaki suka watse. Can sai wani ya ƙwala ihu daga gindin tudu, ya ce gidan Bitto ne.

Dutse ne. Baƙi wuluk, ya kai girman tulun mai. Ya huda rufin ɗaki ya nutse cikin ƙasa, yaron kuwa yana barci a ɗakin. Similos ne ya shiga ya fito da shi a naɗe cikin mayafinsa, bai bar kowa ya buɗe ba. Yaya Bitto ta yi ta yakushin fuskarta har jini ya sauko mata wuya. Mijinta ya daɗe da nutsewa a teku, Mikkos kaɗai gare ta.

A bayan tsofaffin takardun ɗaliban Baba, mahaifina, nake rubuta wannan. Ba ni da wanda zan gaya wa.

Shida ga wata, da hantsi

An binne shi da sassafe. A hanyar dawowa Yaya Bitto ta cafki rigar Baba a gaban kowa.

Ta ce, "Malam Tirason, kai ka koya wa rabin garin nan karatu. Gaya mini. Me ɗana ya yi wa Uranos, allan sama?"

Baba ya dafa hannunta ya ce, "'Yata, bai yi wa kowa komai ba. Ba wanda ya jefe shi. Dutse ne ya ɓanɓaro daga can sama ya faɗo, kamar yadda tubalin rufi ke faɗowa. Ba laifinsa, ke ma ba laifinki."

Na san lallashi yake nufi. Amma ta sake shi kamar ta taɓa garwashi.

"Wato a banza ya mutu?"

Da ya yi shiru da ya fi. Baba bai iya shiru ba. Ya ce, "A banza, 'yata."

Kowa ya ji.

Bakwai ga wata, da yamma

Ba wanda ya je gona. Mutane suna tafiya a rakuɓe jikin bango, wasu da kwando a ka, sai ka ce kwando zai tare dutse.

Tara ga wata, da tsakar rana

Wani boka ya sauka daga jirgin masu gishiri, sunansa Hegiyas. Dogo ne, muryarsa kamar daga cikin randa. Ya sa an tono dutsen, an kafa shi a tsakiyar kasuwa, an yanka baƙin rago a kai. Ya ce Uranos ne, tsohon uban alloli, ya farka. Tun da ɗansa ya yanke masa gaba da lauje ya tura shi can sama, yana kwance da fushinsa, yanzu ya soma jifa. Ya ce wannan na farko ne kawai.

Ina sayen kifi na hango Baba yana kutsawa da sandarsa.

Ya ce, "Baƙo, sannu da hanya. Ina da tambaya, ni tsoho ne ban da fahimta. Wane Uranos ɗin ne ya yi fushi?"

Hegiyas ya ce, "Guda nawa ne?"

"Ai shi nake so ka ƙirga mini. Manomi ya tashi da safe ya dubi sama ya ce uranos ya haɗo hadari, wannan ɗaya. Shaho yana shawagi a uranos, a cikin tumbin wa yake shawagi? Masu jirgi suna bin taurarin da ke kafe a uranos. Mawaƙa sun ce can alloli suke zaune, to gida ne ko maigida? Mai kafa rumfar biki yana kiran saman rumfarsa uranos. Kai kanka, ɗaga harshenka ka taɓa ganɗarka, ƙaramin uranos muke ce mata. To wanne ne ya fusata? Na bakinka?"

Aka fashe da dariya. Har mai kifi ya riƙe ciki. Baba kuwa in ya ji ana dariya ba ya tsayawa.

Ya ce, "Labarin lauje labari ne mai daɗi, ni ma ina koya wa yara. Amma a duk tsibiran nan, wa ya taɓa ganin an gina wa Uranos wurin yanka? Sai yau da ka zo da yunwar naman rago."

Hegiyas bai yi dariya ba. Ya dubi jama'a a hankali ya ce, "Kun ji da kunnenku. Shekara nawa wannan bakin yana zuba wa 'ya'yanku irin wannan? Kuna tambaya me ya jawo dutse."

Dariyar ta mutu nan take. Na ja Baba gida yana ta mita wai bai gama ba.

Goma ga wata, da almuru

Similos ya ƙi cin abinci. Na sa masa gurasa da cuku, ya ture.

Na ce, "Maigida, lafiya?"

Ya ce, "Ki je ki gaya wa Baba ya rufe bakinsa."

"Ka san halinsa. Magana ce kawai."

"Magana? Fano, ki gane. Boka ya ce fushin a kan gida ɗaya yake. Ko gidan da dutsen ya faɗa, ko bakin da ya jawo shi. In ba Baba ba ne, to Yaya ce. Ita ta goye ni da uwarmu ta mutu. Me kike so in yi?"

Na ce, "Ba sai an zaɓi ɗaya ba."

Ya ce, "Ai an riga an ce sai an zaɓa."

Ya ɗauki mayafi ya tafi gidan yayarsa.

Sha ɗaya ga wata, da safe

Similos bai kwana gida ba.

Sha biyu ga wata, da yamma

Sun ƙona makarantar Baba.

Da rana tsaka suka zo, da itacen wuta da lauje. Samari ne, yawancinsu a hannunsa suka koyi riƙe alƙalami. Suka jawo shi waje da gemu, suka zuba allunan yara da kujerarsa a wuta. Ɗan mahauci ya naushe shi a baki yana cewa, "Ina ƙaramin uranos ɗin? Buɗe mu gani, tsohon banza!" Suka tura masa sanda a baki har haƙora suka zube. Na faɗa kansa, wani ya shure ni a haƙarƙari. Da hayaƙi ya yi yawa ne suka watse.

Na kawo shi gidana a bayan jakin maƙwabta. Na wanke masa baki da giyar inabi. Leɓensa ya kumbura kamar ɓaure.

Na ce, "Baba, akwai jirgin da zai tashi gobe. Ka bi shi. Ko ka fita ka ce ka yi kuskure, tsufa ne."

Da ƙyar maganar ke fita. Ya ce, "In ce me? Ban ce babu alloli ba. Cewa na yi kalma ɗaya tana da aiki da yawa, wani ɗan damfara ya ɗauki ɗaya yana cin rago da ita."

"Baba, kalma ce! Kalma ce kawai!"

"To ni da me na ci abinci duk rayuwata, in ba kalma ba?"

Na yi masa ihu. Ban taɓa yi masa ihu ba. Na ce girman kai ne ba gaskiya ba, na ce ya dubi abin da ya gaya wa macen da ta binne ɗanta. Ya ce, "Wannan kam na ɓata. Da na bar ta ta yi kukanta." Amma jirgi ya ce ba zai hau ba.

Sha uku ga wata, da hantsi

Jirgin ya tashi. Na tsaya a ƙofa ina kallonsa har ya ɓace.

Similos bai dawo ba.

Sha biyar ga wata, da sassafe

Dattawan gari sun aiko. Yau za a tsayar da Baba a kasuwa. Na yi masa kunun sha'ir, ya sha kaɗan. Ya sa na taje masa abin da ya rage na gemunsa.

Sha biyar ga wata, da almuru

Sun yi.

Sha shida ga wata, da tsakar rana

Ban ci ba. Haƙarƙarina na ciwo in na ja numfashi.

Sha bakwai ga wata, da yamma

Zan rubuta, in ba haka ba kaina zai fashe.

Mata ba sa shiga taro, don haka na hau rufin mai tukwane. Sun tsayar da Baba kusa da baƙin dutsen. Babban dattijon gari, Polemon, wanda suka yi yarinta tare da Baba, ya so ya ba shi hanya. Ya ce, "Tirason, abokina, tambaya ɗaya ce, ka amsa mu tafi gida. Uranos wane ne?"

Da ya ce uban alloli ne, da shi ke nan. Kowa ya san haka. Na ga ya nemi inda nake da ido, bai gan ni ba.

Ya ce, "Polemon, tun muna yara ba ka iya tambaya ba. Ba wane ne ba. Mene ne."

Ban ji sauran ba saboda ihu.

Suka ja shi bayan ganuwa, wajen busasshen rafi, na sauko daga rufin na bi su. Sandarsa ta faɗi a ƙofar gari, wani ya karya ta a gwiwa. Hegiyas ya sa dutse a hannun Yaya Bitto ya ce uwar yaro ce za ta fara. Ta jefa, ya same shi a kafaɗa. Bayan nan sai kamar ƙanƙara. Ya durƙusa, ya sa hannu ya kare kansa, hannun ya karye. Ya kira sunana. Maza biyu suna riƙe da ni, na ciji ɗaya har na ji gishirin jininsa. Ba su daina ba ko da ya daina motsi. Sai da suka rufe shi ruf, tsibin duwatsu ya kai ƙugu, ƙafarsa ɗaya kawai a waje.

Hegiyas ya ce ba za a binne shi ba, ba za a zuba masa mai ba, ba wanda zai yi masa kuka a fili. Ya ce tunda rufi ya kira Uranos, ya kwanta a ƙarƙashin rufinsa.

Similos yana wurin. Ban ga hannunsa ba. Na ce ban gani ba.

Sha takwas ga wata, da safe

Ya dawo. Ya zauna a bakin ƙofa. Na sa masa abinci ban ce komai ba, ya ci bai ce komai ba.

Sha tara ga wata, da almuru

Na je rafin. Sun sa masu gadi da mashi. Ɗaya ya ce, "Uwar gida, koma, kar ki sa mu yi abin da ba mu so." Karnuka suna zagaye tsibin. Na tsaya daga nesa ina jifansu, sai na ga abin da ke hannuna, na yar.

Ashirin ga wata, da tsakar rana

Na sa masa abinci. Ya ci.

Zaitun na zuba ƙasa yana ruɓewa. Ba mai tsincewa.

Ashirin da biyu ga wata, da yamma

Tumakin Polemon sun soma mutuwa, kuma wani masunci ya ce ya ga wuta ta gifta a sama da asuba. Hegiyas ya sake yanka rago. Ya duba hanta ya girgiza kai. Ya ce bakin ya tafi amma fushin bai tafi ba, ashe gidan ne. Dole a ƙone shi, a sa cikin da ya haifi abin jifa, wato Yaya Bitto, a kwalekwale ba matuƙi, a tura teku.

Maƙwabciyata ce ta kawo labarin. Similos yana wasa lauje a tsakar gida don yankan rassa. Ya tsaya. Ya ce, "Amma ya ce gida ɗaya." Ya sake cewa, "Gida ɗaya ya ce." Ba da ni yake ba.

Ban ji tausayinsa ba. Bari in rubuta gaskiya, wani abu mai kama da daɗi na ji.

Ashirin da uku ga wata, da almuru

Hannuna duk jini, takardar ma ta ɓaci.

Da hantsi suka tafi gidan Yaya Bitto. Ta kulle kanta a ciki, suka cinna wa rufin wuta. Ta fito da hannuwa a ƙone, don ta tsaya ciro 'yar rigar Mikkos daga cikin wutar. Matan da suka yi kuka tare da ita ran jana'iza su ne suka kama gashinta suna janta zuwa bakin teku. "Mayya! Ke kika jawo mana!"

Similos ya ratsa su kamar ba ya ganin kowa. Bai je wajen yayarsa ba. Kasuwa ya nufa, inda Hegiyas ke tsaye a kan dakalin dutsen yana ɗaga hannu sama. Ya kama gemunsa ya ce, "Gida ɗaya ka ce." Ya sa masa lauje a wuya ya ja. Jini ya yi tsalle har kan rumfar mai kifi. Hegiyas ya faɗi a kan baƙin dutsen yana shure-shure kamar ragunan da ya yanka.

Sai suka saki Yaya Bitto suka koma kan Similos. Sanduna, ƙafa, wani da guduma. Ɗan mahauci ya soka masa wuƙa a ciki. Polemon ya shiga tsakani yana ihu, "Ya isa! Ya isa haka!" Suka ja baya suna haki. Suka dubi boka kwance, suka dubi juna. Ba wanda zai gaya musu abin da za su yi kuma. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale.

Ni da Yaya Bitto muka jawo shi gida a kan ƙyauren ƙofa. Ta ja da gwiwar hannu don tafukanta ba sa riƙo. A ƙofar gidana ta tsaya, ba ta shigo ba. Na daɗe ina kallonta. Sannan na matsa gefe.

Ashirin da huɗu ga wata, da hantsi

Yana numfashi. Cikin ya kumbura, yana wari. Likita ya leƙo ya tafi.

Ya buɗe ido ya ce, "Fano."

Na ce, "Ga ni."

"Na jefa."

Na ce, "Na sani."

"Ƙarami na zaɓa. Na duba na zaɓi mafi ƙanƙanta."

Na ɗaga kansa na ba shi ruwa. Ya zubo ta gefen bakinsa, na share da bakin zanena.

Ashirin da biyar ga wata, da yamma

Ya cika da tsakar rana. Ni na wanke shi. Yaya Bitto na zaune tana gaya mini inda ya ji ciwo yana yaro, tabon gwiwa, tabon goshi. Ba mu kalli juna ba.

Ashirin da bakwai ga wata, da safe

Mun binne shi. Mutum kaɗan suka zo.

Ina shafa wa Yaya Bitto zuma a hannuwa safe da yamma. Ina ba ta abinci a baki. Ba ta ce in yafe ba, ni ma ban ce na yafe ba.

Ashirin da takwas ga wata, da almuru

Polemon ya zo da dattawa biyu. Suka tsaya a tsakar gida suna murza sanduna. Ya ce, "'Yata, an janye masu gadi. Warin yana shigowa gari, yara suna firgita. In duhu ya yi, ki samu bayi su kwashe mahaifinki ki binne. Ba wanda zai gani, ba wanda zai ce komai."

Na ce, "A'a, Baba Polemon."

"A'a kuma? Ba shi kike so ba?"

"Ba bayi suka ɗora duwatsun ba. Kuma ba da duhu aka ɗora su ba. Duk wanda ya jefa ya zo ya ɗauke nasa, da rana tsaka. In ba haka ba ya zauna a can, ku yi ta shaƙa har damina."

Ɗaya ya ce, "Ke, mace, kin san da wa kike magana?"

Na ce, "Na sani. Na gan ka daga rufin mai tukwane, na gan ka a rafi. Da hannu biyu ka ɗauko naka."

Suka fita ba sallama.

Ashirin da tara ga wata, da yamma

Ba wanda ya zo. Na zauna a bakin rafi tun hantsi har rana ta faɗi.

Talatin ga wata, da yamma

Yau ma na je. Yaya Bitto ta biyo ni ban kira ta ba. Muka zauna nesa da juna. Rana ta take sai ta miƙe, ta je gaban tsibin, ta sunkuya. Tafukanta a naɗe suke, ta kasa kamawa. Ta haɗa damatsa biyu ta rungumi dutse ɗaya a ƙirji, ta kai shi gefe ta ajiye. Ƙyallen hannun ya jiƙe da jini. Ta koma ta rungumi wani.

Masu wucewa suka tsaya a kan ganuwa suna kallo. Can Polemon ya sauko yana dogara sanda, ya ajiye sandar ya sunkuya. Sai mai kifi. Sai maƙeri da 'ya'yansa. Wasu sun toshe hanci da mayafi, wasu sun yi amai suka ci gaba. Ɗan mahauci bai zo ba, da wasu da yawa. Na riƙe sunayensu.

Ban taɓa dutse ko ɗaya ba. Na tsaya har suka kai gare shi.

Ba zan rubuta yadda yake ba. Na shimfiɗa farin zanen aurena, muka naɗe shi. Maza suka matso za su ɗauka, na ce kar wanda ya taɓa. Ba shi da nauyi yanzu. Na riƙe kai, Yaya Bitto ta ɗora ƙafafun a kan damatsanta, muka hau tudu da shi. Suka biyo mu a baya.